«An yanke shawara»: wa ya yanke?

A duk nahawun Hausa ban san kalmar da ta kai «an» iya ɓoye mutum ba. Harafi biyu ce tak, amma sai ta haɗiye ƙaton dattijo da hularsa da babbar rigarsa. An ce. An ga ya dace. An yanke shawara. Hausa ta tanade ta don kunya da kara, shi ya sa matar aure take cewa «an dawo» don kada ta kama sunan mijinta. Ni dai a majami'ar da na tashi, aikin da aka ba ta daban ne. Duk ranar Lahadi bayan wa'azi sakatare zai miƙe da takarda: an ɗage taron shekara, an dakatar da ginin ajin yara, an canza wa mai bishara wurin aiki. Sai ƙannenta su biyo baya: kuɗi sun ƙare, aiki ya tsaya, matasa sun watse. Kamar kuɗin ƙafa gare su. Ka saurari sanarwa ta minti 10 ba ka ji sunan mutum ɗaya da ya aikata wani abu ba, sai dai sunan wanda bai biya alkawarinsa ba.

Ni Kirista ne, ɗan Maraɗi, kuma ba zan faɗi sunan majami'armu ba, don ciwon ba nata ba ne ita kaɗai. Na san mafi yawan masu karanta wannan ɗan littafi Musulmi ne. Kada ku ce ba ruwanku. Duk inda na rubuta «dattawan ikkilisiya» ku gwada sa kwamitin masallacin unguwa ko biron ƙungiyar ɗalibai, ku gani ko rigar za ta shiga.

Mu kaɗan ne a ƙasar nan, ƙidayar 2012 ba ta ba mu ko ɗaya cikin ɗari ba. Amma ba baƙi ba ne. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri, ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta buɗe na kutare a Danja. Daga wannan tushe EERN ta fito, kuma tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990 gidan ya rabu uku: EERN, UEEPN da Salama. Ba wani na waje ya raba shi ba. Wutar waje kuwa mun santa. A 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, washegari a Yamai, an ƙona majami'u da dama, an rasa rayuka. Wannan muna da bakin faɗinta, muna tunawa da ita da addu'a, kuma da yawa daga cikin gine-ginen sun sake tashi. Garar da ke cin azara daga ciki ce ba mu da kalmar kiranta.

Ga yadda take ci a wurinmu. Mu 14 muka shiga ruwan baftisma rana ɗaya, yau 4 ke zuwa sujada. Baikon rufi an tara shi shekara da shekaru, har yanzu in damina ta sauka ƴan makarantar Lahadi sai su matsa kusurwa guda. Mai bisharar da ikkilisiya ta tura ƙauye yakan yi watanni bai ga ɗan abin da aka yi masa alkawari ba, gonarsa ce ke riƙe da shi. In ka tambayi mi ya sa bencina ke zama wayam, amsa a shirye take: duniya ta ja matasa, waya ta lalata su, sabbin majami'u masu ganga da alkawarin mu'ujiza sun sace su. Duk masu laifin suna can bayan katanga.

Akwai wani masanin tattalin arziki, Albert Hirschman, haifaffen Jamus da ya ƙare aikinsa a Amurka, wanda ya fitar da littafi a 1970 kan abin da mutane ke yi in ƙungiya ko kamfani ya fara lalacewa. A ganinsa hanya biyu ce, ko mutum ya fita ko ya yi magana, kuma riƙon da yake wa wurin shi ke sa ya jinkirta fita ya gwada magana. Abin da ya ja hankalina shi ne inda tunanin ya samo asali: jirgin ƙasan Nijeriya. Ya yi mamakin yadda motocin kaya suka ƙwace wa jirgi dakon gyaɗa daga Arewa zuwa bakin teku, tafiya mai nisa wadda a ƙa'ida jirgi ya fi dacewa da ita, amma hukumar jirgin ba ta gyara komi ba. Wannan gyaɗa ba baƙuwarmu ba ce, ta Maraɗi ma a wancan lokaci ta Kano take bi. Abin da ya gano shi ne, ƴan kasuwar da suka fi damuwa, waɗanda da sun tada jijiyar wuya a ofishin hukuma, su ne suka fara komawa mota. Suna tafiya sai hayaniya ta mutu. Asarar kuɗin kuwa ba ta ciji hukumar ba, tunda baitulmalin gwamnati na cike giɓi.

To, ku ɗora wannan a kan majami'a. Su wa ke fara tafiya? Wanda ya iya lissafi, wadda ta yi karatun aikin jinya, malamin makaranta, ɗalibin jami'a, wato duk mai iya ɗaga hannu ya ce a nuna mana takarda. In sun tafi, shugabanni sai su yi ajiyar zuciya, taro ya koma ƙarewa cikin rabin awa da «amin». Giɓin baikonsu kuma ba ya zafi sosai a duk inda akwai abokan hulɗa na waje da furoje. Ban ce taimakon waje haramun ne ba, rijiyoyi da ajujuwa da yawa da shi aka yi su. Na ce ne shugaban da abincinsa ba ya dogara ga mutanen da ke gabansa, kunnensa yakan juya wajen wanda ke aiko da kuɗi. Nan ma harshe ya tona asiri. Rahoton da za a aika waje ana rubuta shi da Faransanci, shafi-shafi, da jadawali da sa hannu da hatimi. Mu da muka zuba dala-dalarmu a kwando, rabonmu jimla ɗaya ce da Hausa: «an yi amfani da kuɗin ta hanyar da ta dace».

Kalma ta biyu da nake ƙara a kanta ita ce «biyayya». Aminci daban, biyayya daban, kowane Bahaushe ya san haka. Amininka shi ne mai ja ka gefe ya ce maka rigarka ta yage. Mai biyayya zai bi ka a baya har kasuwa bai ce uffan ba. A kan mumbari an narkar da biyun sun zama ɗaya, sai ya zama wanda ya yi shiru shi ne mai aminci, wanda ya yi tambaya kuwa akwai jerin sunaye da ke jiransa: marar kunya, mai girman kai, ɗan tawaye, boko ya hau masa kai. In an so a rufe bakinka cikin ladabi sai a ce «mu sa abin cikin addu'a». Addu'a ba ta taɓa hana a buɗe littafin ma'aji ba.

Abin haushi, Littafin da suke riƙe da shi bai goyi bayansu ba. A sura ta 6 ta Ayyukan Manzanni, masu bi da ke jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu mata wajen rabon abinci na kullum. Rigima ce ta harshe da ta tuwo, irin tamu sak. Manzanni ba su sa kowa a horo ba. Sun tara jama'a, suka ce su zaɓi mutum 7 su riƙe rabon, kuma in ka duba sunayen waɗanda aka zaɓa, su Istifanas da Filibus, duka sunayen Helenanci ne. Bulus ya tsawata wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Da ya tara gudummawa don Urushalima, ya sa ikkilisiyoyi su zaɓi masu rakiyar kuɗin don kada a samu abin zargi. Manzo guda bai yarda ya riƙe jaka shi kaɗai ba, amma ma'ajin unguwa ya fi ƙarfin tambaya?

Yanzu in juyo kanmu, don ba dattawa kaɗai na zo yi wa ba. Fitar da muke yi fitar ɓarawo ce. Ba wanda ke cewa na tafi saboda kaza. Sai mu ce karatu ya yi yawa, ko mun koma wata unguwa, ko Yamai ta riƙe mu. A fada, kan shayi, kowa zaki ne. A WhatsApp ana zazzaga magana har tsakar dare. Ranar taron ikkilisiya kuwa, in ma mun zo, muna can bencin baya muna latsa waya, in an ce akwai mai magana sai kowa ya dubi takalminsa. Wanda ya sulale bai faɗi dalili ba ya ba shugabanni kyauta biyu, ya rage musu mai tambaya, ya kuma bar musu damar su ƙirƙiro masa dalili. Su kuwa manya in sun yi fushi, tasu fitar da hatimi take zuwa: a ja rabin jama'a, a kama hayar ɗaki, a rubuta sabon allo. Bayan shekara biyar sabon sakatare ya miƙe da takarda ya ce an yanke shawara.

Za a ce mini mu tsiraru ne, in muka baza wankinmu a waje maƙiya za su yi dariya. Na ji, kuma ba na raina wannan tsoro, na ga toka da idona. Amma sirrin da ake rufewa, wa ake ɓoye wa? Maƙwabcinmu Musulmi bai taɓa tambayar kuɗin rufinmu ba. Tsohuwar da ta sayar da ƙuli-ƙuli ta kawo jika biyu ita ake ɓoye wa. Za a kuma ce fastoci da yawa talakawa ne, suna noma suna wa'azi. Gaskiya ne, na san waɗanda takalminsu ya fi nawa tsufa. Su ne ma rashin lissafi ya fi cuta, don in ba a karanta komi a fili, mai gaskiya da marar gaskiya zargi ɗaya suke sha.

Kuma ba sai mun je nesa neman misali ba. Ku leƙa Zumuntar Mata ranar taronsu. Ana juye kuɗi a kan tabarma, a ƙirga da ƙarfi, wance ta kawo kaza, an kai wa mai jego sabulu na kaza, kuma wance da wance suka kai. Yawancinsu ba su yi lakwal ba. A majami'armu su kaɗai ne ɓangaren da bai ragu ba, su ne kuma ba su da kujera a inda ake yanke shawara.

Abin da nake nema a taron shekara mai zuwa, in ba a sake ɗage shi ba, bai fi ƙarfin kowa ba. Rahoton da aka aika waje da Faransanci a juya shi Hausa a karanta mana, in babu mai juyawa ni zan yi kyauta. Kowace shawara a faɗi su wa suka zauna, wa ya kawo ta, mutum nawa suka yarda. Kujerar dattijo da ta ma'aji a sa musu wa'adi. A ba Zumuntar Mata da matasa wuri da ƙuri'a, ba kiran a zo a jera kujeru ba. Su kuma 10 ɗin nan da muka shiga ruwa tare, hutun nan zan bi su gida-gida da takarda da biro, kowa ya rubuta dalilinsa a layi biyu, ya fara da «na», ya sa sunansa a ƙasa.