Waiwaye: Akwatin da Ke Ƙarƙashin Gadon Yaya

Ruwan Bagaja na farko da ya shigo hannuna ba shi da bango, ganye biyar ko shida na farko kuma tuni sun tafi ƙunshin ƙosai. Kawuna ne ya ba ni. Tela ne, littafin yana ajiye cikin aljihun kekensa tare da alli da allura da 'yar kwalbar man keke. Ina aji biyar a firamare. Bai ce mini akwai darasi a ciki ba, bai ce zai gyara mini Hausa ba. Cewa ya yi, "Ungo. Akwai wani ja'irin malami a ciki, Zurƙe sunansa. In ka kai inda suka fara haɗuwa da Alhaji Imam ba ka yi dariya ba, dawo mini da abina."

Ban mayar ba. Na karanta shi a zaure, na karanta a bayan aji, na karanta da aci-balbal har Inna ta rantse wata rana sai ta hura wuta da shi. Shekara uku ina bin Alhaji Imam gari-gari ban san abin da ya raba shi da Kwantagora ba. Sai da na shiga sakandare na samu mai cikakken ganye, sannan na gane wulaƙancin da aka yi wa Liman, mijin uwarsa, a fada ne ya sa shi fita neman ruwan.

In na waiwaya yanzu, kusan duk littafin da ya zauna mini a rai ta hannun mutum ya zo, ba ta jerin sunayen da malami ya rubuta a allo ba. Magana Jari Ce wani ɗan ajinmu ne ya ja ni ciki, da ya ba ni labarin yadda Kalalatu ta cinye kajin baƙo, ya tsaya daidai inda maigida ya fara wasa wuƙa, ya ce in ina son sauran in je in nema. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da rabin ƙullin garin kwaki na same shi aron kwana biyu. 'Yan manyan aji su suka koya mana James Hadley Chase da littattafan Pacesetters, musamman The Undesirable Element na Mohammed Sule, wanda muke alfahari da shi saboda ɗan Kano ne ya rubuta. Ba wanda ya taɓa ce mana karatu yana da amfani. Da an faɗa, wataƙila da mun bari.

Matsalata ta fara ne da na shiga jami'a. Can na koyi tarihin abin da nake karantawa, kuma tarihi ne mai daɗi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da boko. Daga wannan gasa aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tun yana malamin makaranta, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Na haddace su kamar Fatiha. Na haddace cewa Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, na haddace Hukumar NORLA da kamfanin buga littattafai na NNPC. Ilimi ne na gaske, ban raina shi ba har gobe. Amma ni abin da na yi da shi, sanda na sassaƙa.

Lokacin kuwa, wajen tsakiyar shekarun 1990, Kano ta cika ta batse da wasu irin littattafai: sirara, takarda mai arha, an raba labari ɗaya gida biyu ko uku, sai ka kai inda numfashinka ya tsaya a ce maka mu haɗu a littafi na biyu. Marubutan su ke buga abinsu da kuɗinsu, su kai wa 'yan kasuwa a Bata da Sabon Gari. Kowace unguwa da shagon haya, yara suna zirga-zirga tsakanin shagon da gidajen kulle, an naɗe littafi cikin ɗankwali. Ibrahim Malumfashi ya raɗa musu suna Adabin Kasuwar Kano, aka yi shekaru ana kai ruwa rana a jaridu tsakaninsa da su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da Ibrahim Sheme. Su manyan sun karanta abin da suke jayayya a kansa. Ni ban karanta ko ɗaya ba, sunan kawai na ɗauka na mayar da shi zagi.

Yayata tana aure a lokacin, tana da wani akwatin ƙarfe na lefenta a ƙarƙashin gado, cike da su. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino har ya yi laushi don juyi. Akwai na Bilkisu Funtuwa, akwai na Bala Anas Babinlata da Ɗan'azumi Baba. Matan gidan da na maƙwabta duk daga nan suke aro, kuma tana da wani ɗan littafin rubutu da take sa alamar wadda ta ɗauka. Duk ranar da na je sai na yi mata wa'azin adabi. Ta kan ce, "To, Auta, mun ji," ta zuba mini abinci.

Ranar nan na ce yau zan cece ta. Na sayo Shaihu Umar sabo dal, na kai mata, na ce, "Yaya, ga littafi na gaske. Firayim Minista ne ya rubuta." A raina na san zan dawo in tarar an rufe kwanon miya da shi.

Bayan mako guda na koma. Tana tankaɗe, ba ta ma ɗago ba ta ce, "Na karanta abinka. Yana da kyau. Amma wata tambaya gare ni. Shi Shaihun yana zaune a Rauta almajirai sun kewaye shi yana ba da labarinsa. Uwar fa? Ita ce ta bar gida ta bi ɗanta, aka bautar da ita, ta keta Sahara har Tarabulus, tana ganinsa kuma ta cika. Me ya sa ba ita aka ba littafin ba?" Na buɗe baki na rufe. Na rubuta jarrabawa a kan wannan littafi, na ci maki mai kyau, tambayar nan ba ta taɓa zuwa mini ba.

Sai ta kakkaɓe hannu, ta jawo akwatin, ta zaro wani ta miƙo mini. "Na karanta naka, kai ma sai ka karanta nawa. In ka gama ka gaya mini wa ka gani a ciki." Alhaki Kwikwiyo ne na Balaraba Ramat Yakubu.

Na fara bayan sallar isha'i da niyyar in samo kurakuran rubutu in kai mata. Na same su kuwa, ba a rasa ba. Amma kafin in kai shafi na ashirin na ajiye biro. Rabi da 'ya'yanta tara, da Alhaji Abdu da ya hana su cefane yana kashe wa Delu kuɗi a waje, da ranar da aka kore ta, da yadda ta koma sayar da abinci ta riƙe yaran: wannan ai gwaggonmu ce. Ina yaro aka dawo da ita gidanmu da kayanta a kan kura, manya suka yi ta ƙus-ƙus, ba wanda ya yi mana bayani. Littafin da nake wa kallon shara shi ya bayyana mini abin da ya faru a tsakar gidanmu. Kiran assalatu ya same ni ido biyu. Da na koma na ce wa Yaya, "Gwaggo na gani," sai ta ce, "Ashe kana gani."

Masu ƙungiyar marubutan nan ta Kano da suka kira kansu Raina Kama sun san abin da suke nufi, domin ƙarashen karin maganar shi ne ka ga gayya. Littafin Balaraba da ya fito a 1990, a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci da Aliyu Kamal ya yi. Tsakanin nan, a 2007, har taron ƙona irin waɗannan littattafai aka yi a Kano. Ba ina cewa duk abin da ke cikin akwatin Yaya zinariya ba ne. Da yawa an rubuta su cikin gaggawa, da Alhaji mai Marsandi da budurwa mai dogon hanci da ƙarshe iri ɗaya, kuma har yau ina da wannan ra'ayi. Amma zargin da na fi yi musu, wai suna kwaikwayon finafinan Indiya, ya kamata in ji kunyarsa, tunda a aji aka koya mini cewa Imam kansa ya ɗebo daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamusawa da wasunsu. Bambancin a gwanintar rini yake: shi ya tsoma su a tukunyar Hausa har ba ka gane asalin farin.

Abin da na gane daga baya shi ne, ni da Kawu duk mun ba da littafi, amma ba abu ɗaya muka yi ba. Shi ya dube ni, ya ga yaro mai son tsiya da dariya, ya miƙo mini Zurƙe. Ni ban dubi Yaya ba, kaina na duba. So nake a san na yi jami'a. Na kai mata littafi kamar mai kai maɗaci ga majinyaci, alhali ita ba ta ce ba ta da lafiya ba. Ita kuma da ta tashi ramawa, irin ta Kawu ta yi mini: ta san abin da na gani ina yaro ban fahimta ba, ta zaɓo daidai shi.

Shi ya sa yanzu in wani ya ce in faɗa masa littafi mai daɗi, sai na fara tambayarsa wanne ne na ƙarshe da ya hana shi barci. In ya ce bai taɓa karanta ko ɗaya ba, in tambaye shi irin fim ɗin da yake kallo. Wani bakanike maƙwabcina ya rantse shi da littafi sai dai a lahira. Na san shi da son labarin sojoji da 'yan fashi, na ba shi Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, ɗaya daga waɗanda suka fito a 1982 tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Bayan kwana huɗu ya tare ni a bakin gareji, hannu duk baƙin mai, yana tambayata ko da gaske an taɓa yin mutum irin Mailoma. Wata 'yar ƙanwata da ba ta ɗaga kai daga waya, tana karanta labaran da ake turowa kashi-kashi, na ba ta So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, na gaya mata tun 1980 aka buga shi, kuma mace ce ta rubuta. Ba ta yarda ba sai da ta duba bango. Yanzu burinta ta shiga Hikayata, gasar da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016.

Ba kullum nake dacewa ba. Ɗana na ɗora wa Ganɗoki don ni ya burge ni, ya yi shafi goma ya ce kirarin ya yi masa yawa. Na so in yi faɗa, na tuna akwatin, na yi shiru. Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ne ya kama shi, yaro da baƙo daga sararin samaniya. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

In kuma nawa zaɓin ake tambaya, ba tare da duba fuskar kowa ba, Jiki Magayi ne. Ƙarami ne, zama ɗaya ake gama shi, amma cikin biyar ɗin nan na farko shi kaɗai ne ba ya ba ka mafaka. Ba aljanin da zai zo ya warware, ba aku mai daɗin baki irin na Magana Jari Ce. Mai kuɗi ne, Malam Shaihu, ya yi amfani da dukiya ya raba Abubakar da Zainabu, Abubakar kuma ya sayar da rayuwarsa kaf don ya rama, ramuwar ta faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar na goyi bayan Abubakar. Da na yi aure na karanta, Zainabu na ji wa, wadda aka yi cinikinta tana ji tana gani. Bara da na sake ɗauka, yaron kawai nake gani. Ba zan faɗi ƙarshen ba, domin mai ba da shawarar littafi da ya tona ƙarshe ya ci amanar mai karatu. Zan dai ce duk wanda yake tsammanin labarin auren dole da ƙarfin naira a Kano aka fara shi a zamaninmu, ya nemi wannan ya gani.

Neman ma aiki ne. Tsofaffin da ake sawa a jarrabawa ana samunsu, sauran kuwa sai an dace, galibi a hannun wani dattijo ko cikin kwalin da gara ta fara ci. Don haka mai irinsu a gida ya daure ya fito da su, ya ba da aro, ko da ya san rabinsu ba za su dawo ba. Ni dai ba ni da bakin yi wa kowa faɗa a nan. Ruwan Bagajan Kawu ya tsufa a hannuna har Allah ya yi masa rasuwa, Alhaki Kwikwiyon Yaya kuma yana nan kan kantata shekara kusan talatin. Sunana yana cikin ɗan littafin rubutunta ba a soke ba, kuma duk sallah in na je gaisuwa sai ta tambaya.