Allurar Sin, ƙahon wanzami da kwalbar tasha: A auna su da mudu ɗaya

Daga Kwanar Dangora a Ƙaramar Hukumar Kiru, a bi titin da ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ya shiga Doguwa, da wuya a wuce kasuwa ko tasha ba a ji lasifikar mai magani ba. Kwalba ɗaya, a cewarsa, tana maganin basir da sanyi da taifod da ciwon suga da hawan jini. Yanzu tallar ta koma cikin waya, inda a Facebook da TikTok ake cakuɗa sassaƙen gida da hijama da dabarun jinya irin na ƙasar Sin.

Idan likita ya tambayi hujjar waɗannan iƙirarai, sai a ce ya raina gadon iyaye. Alhali tambaya ce da ta wajaba a kan kowane magani, na Bature ne ko na wanzami: an gwada shi, kuma me gwajin ya nuna?

Darasin allurar Sin

Tsira siraran allurai a jiki, wato akufanca, ko da bai zama ruwan dare a ƙauyukan Kano ta Kudu ba, yana cikin hanyoyin jinyar gargajiya da masana kimiyya suka fi bincika a duniya, don haka akwai darasi a cikinsa. Masu yin sa sun ce wani ƙarfi yana gudana ta wasu hanyoyi a jikin mutum, kuma allurar tana buɗe su idan sun toshe. Masana halittar jiki dai ba su ga waɗannan hanyoyi ba.

A 2007 an wallafa sakamakon wani gwaji a Jamus kan mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, irin wanda manoman shinkafa na Tudun Wada suka sani sarai. An kasa su uku: wasu an yi musu allurar bisa ƙa'idar Sin, wasu an tsira musu ita sama-sama a wuraren da ba na ƙa'ida ba, ba tare da sun sani ba, sauran kuma an ba su kulawar asibiti da aka saba. Bayan wata shida, kusan kashi 48 cikin 100 na rukunin farko sun samu sauƙi, kashi 44 a na biyu, kashi 27 a na uku.

Ma'ana, mutane sun ji sauƙi da gaske, amma allurar ƙa'ida da ta bogi kusan kunnen doki suka yi. Wannan ya sa masana da dama ke ganin mafi yawan sauƙin daga kulawa da sa rai yake zuwa. Har yau ana muhawara: hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a daina ba da allurar don ciwon baya a 2016, sannan a 2021 ta amince a iya gwada ta ga masu ciwon jiki mai naci da ba a gano sababinsa ba. Sai dai muhawarar kan rage raɗaɗi take. Babu gwajin da ya nuna allurar na kashe ƙwayar cutar maleriya ko ta warkar da kansa.

Me ya sa “na sha na warke” bai isa hujja ba?

Babban jarin mai tallar magani shi ne shaidar waɗanda suka sha. Galibinsu ba ƙarya suke yi ba, amma akwai abubuwan da ke ruɗar mai gaskiya.

Cututtuka da yawa, kamar mura da ƙananan ciwon ciki, suna tafiya da kansu. Wasu kuma, kamar ciwon gaɓoɓi da basir, tashi suke su kwanta, kuma mutum yakan nemi magani ne a ranar da abin ya tsananta, don haka duk abin da ya sha shi zai samu yabon sauƙin da dama yana tafe. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya nuna alama, mutum na iya jin garau alhali jininsa na sama, har ranar da shanyewar ɓarin jiki za ta same shi.

Saran maciji misali ne da manoma da makiyayan gefen Falgore za su gane. Ba kowane maciji ne mai dafi ba, kuma mai dafin ma wani lokaci yakan sari mutum bai zuba dafi ba. Irin waɗannan mutane za su tashi ko me aka shafa musu, sai sunan mai magani ya ɗaukaka. Amma wanda kububuwa ta zuba wa dafi, jininsa ya daina daskarewa, allurar kashe dafi ta asibiti yake buƙata, kuma tsaga wurin ko ɗaure shi tamau ƙara ɓarna yake. Wanda ya rasu a hanya ba ya zuwa gidan rediyo ya ba da tasa shaidar.

Gwaji ba ya gaba da tsirrai

Maganin maleriya mafi inganci a yau daga tsiron tazargade ya fito. Masaniyar ƙasar Sin, Tu Youyou, da tawagarta sun bi girke-girken gargajiya sama da 2,000 kafin su ware sinadarin a farkon shekarun 1970, kuma ta samu kyautar Nobel a 2015.

A nan gida, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta fitar da Niprisan, wanda gwajin da aka wallafa a 2001 ya nuna yana rage yawan tashin ciwon sikila. Cibiyar ce kuma ta binciki ruwan maganin korona na ƙasar Madagaska a 2020, ta ce ba ta ga hujjar yana warkar da cutar ba. Mudu ɗaya ne ya auna duka biyun.

Haka ma mudun bai ƙyale kamfanonin Turai da Amurka ba. Kanawa ba su manta da 1996 ba, lokacin da Pfizer ya yi gwajin Trovan da ya ƙunshi yara kusan 200 a tsakiyar annobar sanƙarau, 11 suka rasu, lamarin da ya kai ga sulhun dala miliyan 75 da Gwamnatin Kano a 2009. Darasin Trovan shi ne a tsananta sa ido a kan kowa, har da mai lasifikar tasha.

Inda haɗarin yake

Mutanen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa ba don rashin wayo suke zuwa wurin mai magani ba. Yana kusa, yana sauraro, yana karɓar abin da ya sawwaƙa. Mai jinya daga Riruwai kuwa, kafin ya ga ƙwararren likita a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, sai ya yi doguwar tafiya da kuɗin mota da na gwaji.

Amma arha na iya zama tsada. Jinkiri shi ne haɗari na farko: yaron da ke fama da mashaƙo, cutar da ta fi yi wa Kano ɓarna a 2023, idan aka kai shi cire beli, an ɓata sa'o'in da za su ceci ransa. Na biyu, aska ko ƙahon da aka yi wa wani aiki da shi ba a tsaftace ba yana iya yaɗa ciwon hanta da cuta mai karya garkuwar jiki. Hijama tana da matsayinta a wurin Musulmi, kuma wannan matsayi ne ya kamata ya hana a fake da ita a ce wa mai ciwon suga ya ajiye maganinsa. Na uku, jiƙon da ba a san sinadarinsa ko adadinsa ba yana iya taɓa ƙoda da hanta. A 2023 hukumar NAFDAC ta rufe wurin haɗa maganin Baban Aisha bayan binciken jaridar Premium Times da DUBAWA, maganin da ya daɗe yana yawo a tashoshin Arewa.

Ya kamata kuma mai saye ya sani cewa lambar da NAFDAC ke bai wa akasarin magungunan gargajiya ta wucin gadi ce ta shekara biyu, kuma kan rashin cutarwa take. Shi ya sa ƙa'ida ta ce a rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Abin da ya kamata a yi

Hukumar PHIMA mai kula da cibiyoyin lafiya masu zaman kansu a Kano da NAFDAC su riƙa shiga kasuwannin mako na waɗannan ƙananan hukumomi, kada aikin ya tsaya a cikin birni. Gidajen rediyo su daina karɓar tallar da ke alƙawarin warkar da ciwon suga ko kansa ba tare da takardar gwaji ba. Hakimai da sarakunan aska su tsaya kan sabuwar reza ga kowane mutum, da tura mai ciwon maƙogwaro ko saran maciji asibiti nan take. Jami'ar Bayero ta buɗe ƙofa ga masu maganin da ke son a gwada haɗinsu, tare da yarjejeniyar da za ta kare haƙƙinsu. Gwamnatin jiha kuma ta tabbatar akwai ma'aikata da allurar dafin maciji a asibitocin yankin, domin wa'azin zuwa asibiti ba ya tasiri idan aka je aka tarar babu magani.

Mai saye shi ma yana da tambaya uku kafin ya zaro kuɗi: me ke cikin kwalbar, wa ya gwada ta, kuma me za a yi idan ba a ga sauƙi ba? Mai maganin da ya amsa su ya cancanci a saurare shi. Wanda ya fusata, ko ya ce sirri ne, a bar masa kayansa.