Lissafi mai kyau ba ya tabbatar da siffar furotin

Masu haɗa magani sukan duba siffar furotin kafin su ƙera ƙwayar da za ta shige shi kamar makulli a kwaɗo. Don gano siffar, ana daskarar da furotin ya zama kiristal, a harba masa hasken X-ray, sannan kwamfuta ta auna ɗigon hasken da suka fito.

Wani lokaci kiristal biyu kan tsiro a manne, kowanne yana fuskantar wani ɓangare. Masana na kiran su tagwaye, kuma suna rage yawan ɗigo masu rauni. Idan kuwa furotin ya kusa maimaita kansa a cikin kiristal ɗin, raunanan ɗigon ƙaruwa suke yi. In matsalolin biyu suka haɗu, sai su rufa wa juna asiri: lissafi ya yi kyau, siffa ta fito da kuskure.

Tun 2008 rumbun PDB na duniya ya wajabta ajiye alƙaluman da aka auna. A ganina bai wadatar ba, a riƙa ajiye hotunan asali ma, domin wasu su sake bincika. Manhajar AlphaFold, da ta jawo kyautar Nobel a 2024, daga wannan rumbu ta koya. Rijiyar da kowa ke sha ba a bari ta gurɓace.