Gwamna Lugga: a ƙirga muƙamansa, a ƙirga da kaburburan Burmi

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a majalisun 'yan boko, daga Kaduna har zangunan Kumasi da Garwa: wai Gwamna Lugga mutum ne mai girmama sarauta, ya zo ya tarar da tsarinmu ya bar mana abinmu. Masu faɗin haka sukan jero muƙamansa kamar maroƙi na kirarin basarake. To, mu bi jerin nan tare da su, amma a kowane muƙami mu tambayi wanda ya biya kuɗinsa.

An haifi Frederick Lugard a Madras ta ƙasar Indiya a 1858. Bai gaji sarauta ba, mahaifinsa limamin coci ne na sojojin Ingila. Ya shiga soja a 1878, ya yi yaƙi a Afganistan, ya yi a Sudan a 1885 lokacin Mahadi, ya yi a Bama, sannan ya yi wa kamfanonin Turawa aiki a Uganda da ƙasar Borgu. A 1897 aka ba shi aikin kafa rundunar sojan Afirka ta Yamma, a 1900 ya zama Babban Kwamishinan Arewacin Nijeriya. Ya mulki Hong Kong daga 1907 zuwa 1912, ya dawo ya haɗe Arewa da Kudu a 1914, ya zauna Gwamna Janar har 1919. A 1928 Sarkin Ingila ya naɗa shi Lord na Abinger. Duk tsanin da ya hau, da bakin bindiga ya sassaƙa shi.

Ga abin da jerin ba ya faɗa. A Fabrairun 1903 sojojinsa suka fasa ganuwar Kano, a Maris suka ci Sakkwato. A can ya tara manyan gari ya shaida musu cewa mulki ya koma hannun Ingila da ƙarfin yaƙi, naɗi da tuɓewa da haraji duk nasu ne. Sarkin Kano Alu ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi miƙa wuya, ya yi hijira gabas, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, aka tare su a Burmi a Yulin 1903, aka kashe shi tare da ɗaruruwan mutanensa. A 1906 mutanen Satiru suka yi bore, aka aika musu runduna ta kashe kimanin mutum 2,000, aka rushe garin. Wanda ya tuɓe rawanin da ya ƙi shi, ya naɗa wanda zai rantse masa, ba sarauta ya girmama ba. Ma'aikata yake nema masu araha, domin Turawansa ba su da yawan da za su tara haraji ƙauye ƙauye.

Za a ce ai shi ya hana bauta. Gaskiya ne dokarsa ta 1901 ta hana farautar bayi da cinikinsu, ta kuma 'yanta duk ɗan da aka haifa bayan farkon Afrilun shekarar, kuma wannan alheri ne da ba mai hankalin da zai musa. Sai dai ya bar waɗanda ke hannun iyayengijinsu inda suke, don kada ya ɓata da masu mulkin da yake jingina da su. Ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936, shekara goma sha bakwai bayan ya bar ƙasar.

Mu da muke zaune a wajen Nijeriya kada mu ɗauka labarin wasu ne. Waɗanda suka tsira a Burmi su ne suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Attahiru, suka ratsa ƙasar Chadi har bakin Shuɗin Nilu, suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Bayan Lugga ya yi ritaya kuma, ya shekara fiye da goma, har 1936, a kwamitin Majalisar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani mai duba mulkin Kamaru da Togo, ƙasashen da aka ƙwace daga Jamus. Littafinsa na 1922 ya zama abin karatun jami'an mulkin mallaka. Ashe inuwarsa ta kai zangunanmu.

Sai batun zuriya, wadda littattafan sarautar Ingila ke ba muhimmanci. A 1902 ya auri Flora Shaw, 'yar jaridar da ta ba da shawarar sunan Nijeriya a 1897. Ta rasu a 1929, shi ya rasu a 1945, ba su bar ɗa ba, sarautar Lord ɗin ta mutu tare da shi tana da shekara goma sha bakwai kacal. Haihuwa ta Allah ce, ba abin gori ba ne. Abin kunyar namu ne: sunan mutumin da gidansa ya rufe yana nan a jikin zauren majalisa a Kaduna, yaranmu na haddace shi don jarrabawa, alhali jikokin Attahiru suna raye a Sudan, yawancinmu kuwa ba mu iya nuna Burmi a taswira ba.

Ba cewa ake a goge Lugga daga tarihi ba. A karanta shi, a san shekarunsa da muƙamansa, amma malamin da ya koya wa yaro 1914 ya koya masa 1903 da 1906 a rana ɗaya. Ku dattawan Mai Wurno da na sauran garuruwan hijira, labarin tafiyar nan yana bakinku, ku zaunar da jikoki ku ba su, su rubuta tun kuna raye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, tamu kuwa ta daɗe a bakin wanda ya ci mu da yaƙi.