RA'AYINMU: A Fito Da Lissafin Kuɗin Tignère Bakin Kasuwa

Dokar ƙananan hukumomi ta Kamaru ta ce kafin watan Maris ya ƙare, kansiloli su zauna su duba lissafin shekarar da ta gabata, wanda ake kira compte administratif da Faransanci: nawa aka yi kasafi, nawa ya shigo, nawa aka kashe kuma a kan me. Magajin gari ke gabatar da shi, amma idan an zo jefa ƙuri'a sai ya bar zauren. Daga nan takardun su wuce wurin firefe. Dokar ta hau kan Tignère, hedkwatar Faro da Déo a jihar Adamawa, kamar yadda ta hau kan Galim da Mayo-Baléo da Kontcha da ke bakin iyakar Nijeriya.

To amma cikin masu rumfa da fatake da dillalan kara, mutum nawa ne ya taɓa jin abin da aka karanta a wannan zama? Da Faransanci ake yin sa, a rufe fayil, a ci abinci, a watse. Alhali kuɗin da ake lissafawa daga aljihun ɗan kasuwa suka fito.

Wani zai ce shi tikitin ranar kasuwa kawai yake biya. Ba haka ba ne. Ban da kuɗin wuri da na shago da na dabbobi da na mahauta, duk wanda ya sayi siminti ko kwanon rufi a Garwa ko Ngaundere ya biya harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari. Ainihin harajin 17.5 ne, ragowar 1.75 ƙari ne da aka ɗora saboda ƙananan hukumomi, kuma asusun FEICOM, wanda aka kafa a 1974, na cikin masu rarraba shi. Sannan a 2019 gwamnati ta fara ware wa kowace ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 360 sefa miliyan 100 a shekara don ayyukan raya ƙasa.

Ba mu ce kowa ya ci kuɗi ba. Hasali ma mun san ba kowane laifi ne na magajin gari ba. Manyan hanyoyi na ma'aikatar ayyuka ne a Yawunde. Dokar ranar 24 ga Disamba 2019 ta yi alkawarin bai wa yankuna da ƙananan hukumomi akalla kashi 15 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnati, amma magadan gari sun sha kokawa cewa abin da ke iso musu bai kai haka ba, kuma yakan zo a makare. Rufe iyakar Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da faɗuwar naira tun 2023, da satar makiyaya don kuɗin fansa, duk sun taɓa ciniki. Idan kuɗin shiga sun ragu saboda haka, ai sai a nuna wa jama'a a rubuce. Ɓoyewa ce ke haifar da zargi.

Wannan doka ta 2019 ɗin ta bai wa duk mazaunin ƙaramar hukuma ko mai biya mata haraji damar neman kwafin kasafi da lissafi da rahoton ayyukan shekara, in dai zai biya kuɗin bugawa. Bafatake da ke sauke kaya kowane mako yana yankar tikiti, shi ma yana ciki. Muna kira ga sarakunan kasuwa da na pawa da shugabannin dillalai su haɗa kuɗi su karɓo kwafin, su kuma tura wakili zaman kansiloli, tun da a buɗe yake ga jama'a.

Ga hukumar Tignère kuwa, buƙatarmu ba ta da tsada. A manna taƙaitaccen lissafi a ƙofar kasuwa, a karanta shi a rediyo da Fulatanci da Hausa. A ware abin da kasuwa da kara suka kawo daban, a jera kusa da abin da aka mayar musu: rumfuna nawa, famfo nawa, makewayi, shara, fitilu. Kashe kuɗi daban, aiki daban; famfon da aka biya ɗan kwangila amma ba ya kawo ruwa, a takarda an gama shi.

Sai dai 'yan kasuwa ma da nasu. Sanin kowa ne akwai mai miƙa wa mai karɓar haraji rabin kuɗi a dunƙule don a bar shi ba tikiti, yana ganin ya ci riba. Wannan kuɗi ba za su taɓa shiga littafin ma'aji ba, balle a tambayi inda suka tafi. A biya cikakke, a karɓi tikiti mai lamba, a adana. Idan sarkin kasuwa ya tara na wata uku kacal, yana da abin da zai gwada da adadin da za a karanta a watan Maris.