Kafin Ka Mayar Da Katin Nan Kano

'Yan uwana ɗalibai, akwai wata ƙara da ake yawan shigarwa a ɗakunan kwananmu da shagunan gem na cikin garin Ƙaura, kuma kullum wanda ake tuhuma ɗaya ne: katin hoto, abin da 'yan kasuwa ke kira girafik kad. Mutum zai yi wata huɗu ko biyar yana matse cikinsa, ya tara kuɗi, ya aika Kano a sayo masa kati, ya ɗaura a kwamfuta. Windows ta tashi lafiya, fim yana tafiya lafiya. Da ya buɗe FIFA ko GTA V, minti goma bai cika ba allo ya yi baƙi, ko kwamfutar ta mutu ɗif ta sake tashi da kanta. Nan take a yanke hukunci: "Wanga kati ba ya da lahiya, an cuce ni." Sai maganar mayarwa.

Ni dai a ganina mun cika barin jaki muna dukan taiki. A cikin kwamfutocin da na sa hannu na duba wa abokai tun ina ND I, waɗanda katinsu ne ainihin mai ciwon ba su da yawa. Sauran, ciwon yana cikin akwatin wutar kwamfutar, ko a soket ɗin bango, ko a zafin ɗakin. Kuma maganar ta wuce ta wasa, domin mayar da kati Kano na nufin kuɗin mota, da ranakun lacca da za a rasa, da bin hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa, wadda kowa a nan ya san ba hanyar da ake bi don nishaɗi ba ce. Mutum ya ɗauki wannan kasadar, ya isa Farm Centre ko Beirut Road, mai shago ya ɗaura katin a tasa kwamfutar ya yi awa guda yana gudu sumul, yo me za ka ce masa?

Dalilin da ya sa abin ke faruwa a gem kaɗai shi ne ke ruɗa mutane, alhali shi ne mabuɗin maganar. Lokacin da kake buga takarda ko kallon fim, katin kusan barci yake yi, wutar da yake ja kaɗan ce. Gem ne ke tashinsa ya ja iyakar ƙarfinsa. Wato ranar da ka buɗe gem ita ce ranar farko da aka tambayi akwatin wutarka, da wayoyinka, da fankokinka, da soket ɗinka, ko za su iya ɗaukar kayan. Duk wanda ya gaza a cikinsu, a allo za ka ga alamar, kuma allon a jikin katin yake.

Bari mu yi lissafi, tunda dai makarantar kimiyya da fasaha muke. RX 580, wanda ya fito a 2017 kuma har yau shi ne abokin ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi, yana jan kimanin wat 185, kuma akwatin wuta mai wat 500 aka ce a haɗa shi da shi. RTX 3060 na 2021 yana jan wat 170, ana so a ba shi mai wat 550. To kwamfutocin da yawancinmu ke iya saya tsofaffin na ofis ne da aka sauke daga Turai da Amurka, waɗanda akwatin wutarsu bai wuce wat 240 zuwa 300 ba, domin don aikin akawu aka ƙera su. Ramin da ake soka katin a jikin babban allon kwamfuta wat 75 kawai yake bayarwa. Ragowar dole ta zo ta waya mai baki 6, wadda ke ɗaukar wat 75, ko mai baki 8, mai ɗaukar wat 150. Tsohuwar kwamfutar ofis ba ta da wannan wayar, sai a sayo 'yar ƙaramar adafta a jona daga wayar da ke ba hadis wuta. Wannan mahaɗar, abin da aka yi ta don shi bai wuce wat 54 ba. Ka ɗora mata 150, idan ta tsaya a kashe maka gem ma ka gode Allah, don na ga wadda ta narke har ta yi baƙi.

Wani zai ce ai shi ya sauya akwatin wuta, ya sayi mai wat 650. Madalla. Ɗauke shi ka ji nauyinsa tukuna. Akwai waɗanda ake sayarwa da araha, rubutu ɓaro-ɓaro a kwali, amma a hannu kamar gwangwanin madara. Juya shi ka karanta takardar da ke manne a gefe, ka nemi layin bolt 12, domin daga nan kati ke sha. Idan ka ga an rubuta amfiya 18, ninka 12 da 18, ka samu wat 216. Daga cikin wannan ne furosesa za ta ci, fankoki su ci, sannan katin. Sauran lambar da ke kwalin ado ce kawai, kuma Hausawa sun riga sun gaya mana abin da araha ba ta yi. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗalibin da ya ci jarrabawar dokar Ohm da maki mai kyau zai kashe dubbai a kati, amma ya yi ciniki har da rantsuwa a kan akwatin da zai ciyar da katin.

Yadda kwamfutar ke faɗuwa ma magana take yi, mu ne ba ma saurare. Idan ta mutu gaba ɗaya kamar an zare waya, ko ta sake tashi ba tare da wani saƙo ba, fara zargin wuta. In ka buɗe Event Viewer za ka tarar da Kernel-Power mai lamba 41, wanda ma'anarsa kawai ita ce an kashe ta ba sallama. Idan allo ya yi baƙi na ɗan lokaci ya dawo, gem ya rufe amma kwamfutar na nan da ranta, wannan Windows ce ta jira katin daƙiƙa 2 bai amsa ba ta sake tayar da direbansa, kuma a nan ana duba direba da saurin da aka saita wa katin. Idan kuma sai an yi minti goma sha biyar ko ashirin, fanka na kuka kamar injin markaɗe, sannan abin ya faru, zafi ne. Wanda ke nuna katin da kansa ne mai ciwo shi ne ka ga ɗigo-ɗigo masu launi, ko layuka, ko hoto yana yayyagewa tun kafin a je ko'ina, wani lokaci tun a allon farko kafin Windows ta buɗe.

Sai babbar matsalar da babu wani bature a YouTube da zai gaya maka, don shi bai san ta ba: wutar da ke shigowa daga bango. Ƙa'ida a Nijeriya bolt 230 ce. Duk wanda ya taɓa sa mita a soket da daddare a unguwannin da ɗalibai ke haya ya san sau da yawa abin da ke zuwa bai kai haka ba, kwan fitila ma ja yake yi. In an ɗauke, sai ƙaramin janaretan nan da ake gauraya wa mai, wanda ba shi da abin daidaita wuta. Maƙwabci na jona hita ko dutsen guga, ƙarar injin ta sauya, kwamfutarka ta faɗi a daidai lokacin da kake shirin zura ƙwallo. 'Yan uwanmu na Shinkafi da Zurmi da ke tafiya da kwamfutocinsu gida lokacin hutu, yawancinsu a kan sola suke, kuma nan ma akwai tarko. Inbata mai araha ba ta fitar da wuta mai santsi irin ta layi, tata a kakkarye take, kuma akwatunan wuta na zamani da dama ba sa jituwa da ita, musamman idan kaya ya yi nauyi. Sai ka ji mutum na cewa katin yana aiki a makaranta amma ya ƙi a gida, kamar katin ya san hanya. Gwajin mai sauƙi ne: ɗauki kwamfutar yadda take, kada ka taɓa komai a cikinta, ka kai ta inda ka tabbatar wutar tsayayya ce, ka buga gem ɗin nan dai. In ta yi awa biyu ba ta faɗi ba, kuɗinka sitabilaiza ko UPS yake nema, ba kuɗin motar Kano ba.

Zafi kuwa, ai mu ne gidansa. Masu gwada katunan nan a bidiyo suna zaune ne a ɗaki mai sanyin digiri ashirin da 'yan kai. Mu a watan Afrilu muna haura 40, a ɗaki mai rufin kwano, taga ɗaya. Katin da ke tsayawa a digiri 70 a wurinsu, a wurinmu zai haura 80 ba tare da wani laifi nasa ba, kuma katunan Nvidia da dama daga wajen 83 suke fara rage gudu don ceton kansu. Ƙara da ƙurar hunturu da ta yi wata uku tana shiga tana toshe haƙoran ƙarfen da ke fitar da zafi. Buga gem ɗin bayan sallar asuba, ka sake buga shi da azahar. Buɗe murfin gefe ka juya masa fankar ɗaki. In abin ya sauya, ka samu amsarka. A busa ƙurar da abin hura iska, a riƙe fankar katin da yatsa kada ta yi ta juyawa, in katin ya tsufa a sauya masa man da ke tsakanin ƙwaƙwalwarsa da ƙarfen. Kuma ga wata dabara ta kyauta: a MSI Afterburner ka sauke iyakar wutar katin zuwa kashi 80 cikin 100. Saurin da za ka rasa da wuya idonka ya gane, amma zafi zai sauka, nauyin da ke kan akwatin wuta ma ya ragu.

Direba ba sai na daɗe a kansa ba. In kwamfutar ta taɓa ɗaukar wani kati, musamman daga Nvidia zuwa AMD ko akasin haka, a share tsohon da DDU a sa sabo. Illa dai direba ɗaya yana cin ɗaruruwan megabait na data, don haka mutum ɗaya ya sauke, a raba a filash. Waɗanda suka ga watan Satumba na 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara, ba sa bukatar a koya masu amfanin ajiye irin wannan a aljihu.

Kada a ce na wanke 'yan kasuwa tas. Akwai katunan da da ciwonsu suka iso. Ranar 15 ga Satumba, 2022, Ethereum ta daina dogara da haƙa ta hanyar katunan hoto, sai masu gonakin haƙa a duniya suka juye katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana cikin kasuwa. Wasu an wanke su, an sa su a sabon kwali. Saboda haka kalmar "sabo" a bakin mai sayarwa tana bukatar tambaya ta biyu, balle a ce maka katin 2017 ne sabo fil. Akwai kuma wanda ake kira RX 580 2048SP, wanda sunan ne kawai na 580, ƙarfinsa kusan na RX 570 ne. Na ainihin yana da ƙananan injina 2304, kuma GPU-Z zai nuna maka lambar cikin minti ɗaya. In ka kawar da wuta, ka kawar da zafi, ka kawar da direba, ka ɗaura katin a kwamfutar abokinka mai lafiya ya sake faɗuwa, to a nan kana da hujja, kuma da hoton allo a wayarka za ka yi magana da mai shago, ba da "wallahi yana mutuwa" ba. Yi wannan cikin kwanakin gwajin da ya ba ka, don ba su da yawa.

Na san akwai masu karanta wannan suna taɓe baki: iyaye sun turo ku karatu, kuna nan kuna kukan gem. Na ji, kuma wanda ya bar lacca don FIFA ba ni da abin kare shi da shi. Sai dai katin da ke faɗuwa a gem shi ne zai faɗi a daren da mai karatun zanen gine-gine ke fitar da aikinsa na ƙarshe a Revit ko Blender, gara a gano ciwon tun a wasa. Abin da ya fi damuna ma ba gem ɗin ba ne, yadda muke neman ciwon ne. Mutum zai sauya direba, ya zare ram, ya yi wa kwamfuta fomat, duk a zama ɗaya. In ta gyaru bai san me ya gyara ta ba, in ta ƙi bai san me ya rage ba. Wasu masu gyara a gari ma fomat ce gaisuwarsu, ka rasa furojet ɗinka a banza. Wannan makaranta tun 1983 take yaye masu fasaha, kuma abu na farko da ake koya mana a ɗakin gwaji shi ne a sauya abu ɗaya, a auna, a rubuta. Da mun fito ƙofar laab sai mu koma canki-canka.

Shi ya sa nake kira ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai, tare da 'yan NACOS da ɗaliban injiniyan lantarki, su nemi izinin sashe a ware tebur ɗaya a inda wuta ke tsayawa. Abin da ake bukata bai taka kara ya karya ba: akwatin wuta na ƙwarai mai wat 650, mita guda, kwamfuta ɗaya da aka tabbatar da lafiyarta, man sanyaya kati, abin hura ƙura, da filash mai ɗauke da direbobi da GPU-Z da DDU. Ranar Asabar daga hantsi zuwa azahar, 'yan HND biyu su zauna, 'yan ND su tsaya a gefe suna kallo suna rubuta abin da aka auna a littafi. Mai kati ya biya ɗan abin da za a riƙa sayen man da shi. Kuɗin kayan nan gaba ɗaya, in aka cire kwamfutar da za a iya ara daga sashe, bai kai abin da ake kashewa a rumfuna da kujerun makon ɗalibai ba, kuma majalisar ɗalibai na iya sa shi a kasafin zangon da ke tafe.