Daga Gidan Silima: Kaboyin Da Ya Ajiye Bindiga Ya Ɗauki Ludayi

Duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin kaboyi ya san yadda labarin ke tafiya. Baƙo ya shigo gari bisa doki, ya tarar ana zaluntar marar gata, ya tsaya mata, sa'an nan ya kama hanyarsa ba tare da ya jira godiya ba. To, a shekarar 1985 wani mai shirya fim na ƙasar Japan, Juzo Itami, ya ari wannan riga ya yafa wa labarin ban dariya mai suna Tampopo.

Kaboyin nasa, Goro, ba shi da doki, direban babbar mota ne, amma malafarsa ba ta barin kansa. Wata rana da dare ana ruwa, ya tsaya cin abinci a shagon wata mata mai suna Tampopo, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da ɗa guda. Sana'arta sayar da ramen, watau taliya cikin romo. Da ta nemi ya faɗa mata gaskiya, bai ɓoye ba, ya nuna mata girkinta da sauran gyara. Maimakon ta yi fushi, sai ta roƙe shi ya zama malaminta.

Nan daɗin fim ɗin yake. Goro ya sa ta gudun safe, da ɗaga tukunya cike da ruwa, yana riƙe da agogo kamar mai horar da ɗan dambe. Suka shiga zagaya shagunan abokan gasa suna satar sirrin romo. Mai kallo zai yi dariya, amma ko kaɗan Itami bai mai da sana'ar matar nan abin ba'a ba. Abincin bakinta da na ɗanta ne ke kan faifai. Matarsa ce ma, Nobuko Miyamoto, ta fito a matsayin Tampopo.

Kada wani ya ce Japanawa kwaikwayo suka yi kurum. Ai bashi ne ya koma gida. Daga fim ɗin Akira Kurosawa, Seven Samurai na 1954, Amurkawa suka samo The Magnificent Seven a 1960, kuma daga Yojimbo nasa na 1961 Sergio Leone na Italiya ya ɗebo A Fistful of Dollars.

Sai dai a yi hattara. Akwai wuraren da wani ɗan daba mai fararen kaya da budurwarsa suka wuce gona da iri, ba na kallo tare da yara ba ne, kuma a ganina ko an cire su fim ɗin bai ragu da kome ba. Naman da ake ɗorawa bisa taliyar kuwa na alade ne.

Itami ya rasu a 1997. Cikin 'yan gajerun labaran da ya sarƙa a fim ɗin, akwai na wata uwa da ke kwance rai ga Allah. Mijinta ya ruɗe, ya daka mata tsawa ta tashi ta yi abincin dare. Ta kuwa miƙe, ta soya shinkafa, ta kawo, ta dubi 'ya'yanta suna ci, ta yi murmushi, ta faɗi. Uban yana kuka yana ce wa yaran su ci tun da zafinsa.